Duwatsun Azbin da Hamadar Tenere

Azbin, wanda ake kuma kira Abzin ko Ayar, yanki ne na duwatsu a arewacin Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Agadas, kuma daga gindinsa na gabas hamadar Tenere take farawa, ta shimfiɗu har zuwa Bilma. Kalmar Tenere a harshen Abzinawa tana nufin fili fayau inda babu kowa babu komai, faɗin wannan hamada kuwa ya kai kimanin murabba'in kilomita 400,000. A shekarar 1991 hukumar UNESCO ta sanya wani ɓangare na duwatsun da hamadar, mai faɗin hekta miliyan 7.7, cikin jerin wuraren gado na duniya, shekara guda bayan haka kuma ta mayar da shi cikin waɗanda ke fuskantar barazana saboda tawayen da ya ɓarke a yankin.

Dangantaka da duwatsun Jos

Mutumin Jos da ya saba hawa duwatsun Shere ko tsayawa kallon dutsen Riyom ba zai ji baƙunci sosai a Azbin ba, kuma akwai dalili. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa duwatsun wuraren biyu zuriya ɗaya ce, jeri guda da ya faro daga Azbin, ya biyo ta Damagaram, ya gangaro Filato. Na Azbin su ne yayye, domin sun haura shekara miliyan 400, na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Har kuzar da ta tara jama'a a Jos da Bukur an haƙa irinta a Azbin, ko da yake ba ta kai yawan ta Filato ba. Abin da ya raba su shi ne ruwa: na Jos sun sha damina sun yi ciyawa, na Azbin kuwa baƙaƙe ne tsirara, sai a cikin kwazazzabai ake samun tsiro. Ƙololuwar da ta fi tsayi a can, a tsaunin Bagzan, ta kai mita 2,022, wato ta ɗara Shere. Ta fuskar tarihi ma akwai zumunci, tunda Gobirawa suna danganta asalinsu da Azbin, kuma har gobe Hausa ce harshen kasuwa a Agadas.

Wuraren da ake ziyarta

Daga Agadas kowace tafiya take tashi. Hasumiyar babban masallacin garin, wadda aka gina da laka tun ƙarni na 16, tana da tsayin mita 27, kuma wanda ya daure ya bi matsattsen matakalarta har sama zai ga inda gari ya ƙare daji ya karɓa.

A cikin duwatsun, wurin da ya fi cancantar a kwana biyu shi ne Timiya, dausayin da ke fiye da kilomita 200 arewa maso gabashin Agadas. Bayan doguwar tafiya cikin duwatsu da ƙura, kwatsam sai lambuna su bayyana, da dabino da lemo da rumman, ana ba su ruwa daga rijiyoyin da raƙumi ko sa ke jan gugarsu. Kusa da garin akwai magangarar ruwa da ke zuba cikin wani tafki a tsakanin duwatsu, ruwansa da sanyi ko da tsakar rana. Akwai kuma maɓuɓɓugar ruwan zafi a Tafadek, inda mutane ke zuwa wanka don neman sauƙin ciwon gaɓoɓi.

A Dabus, kusa da hanyar Agadas zuwa Arlit, mutanen da suka rayu dubban shekaru da suka wuce sun sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse, babban ya haura mita 5, an fitar da kowane zanen fatarsa ɗaya bayan ɗaya. Wannan sassaƙa, tare da ƙasusuwan manyan dabbobin dauri da aka tono a Gadufawa, shaida ce cewa wurin da yau ake auna ruwa da kofi ya taɓa zama ƙasar koguna da kiwo.

Inda duwatsu suka haɗu da rairayi, a Arakawo da Temet, tuddan yashi suna tasowa su jingina da baƙin dutse, kuma nan ne masu yawon buɗe ido suka fi son kafa tanti.

Bishiyar Tenere da ayarin gishiri

A da, a tsakiyar hamadar akwai wata bishiyar ƙaya da ta tsaya ita kaɗai, babu wata a kusa da ita sai an yi tafiya mai nisan gaske, ayari yana kafa alama da ita, kuma babu madugun da yake yarda a karya reshenta ko don dafa shayi. A 1973 wani direban babbar mota ya banke ta. An kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Ayarin kuwa bai mutu ba: bayan damina raƙuma suna tashi ɗauke da gero, su ratsa ta Faci zuwa Bilma, su dawo da kantun gishiri da dabino, daga nan su gangara ƙasar Hausa.

Yadda ake tafiyar

Mai tasowa daga Jos ko Abuja yana bi ta Kano, ya shiga Damagaram, ya wuce Tanut zuwa Agadas. Lokacin da ya dace shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai dai sanyin dare a can yana iya fin na Jos, don haka bargo da rigar sanyi wajibi ne, rawani kuma shi ne maganin ƙura. Ana tafiya da motoci masu jan ƙafa huɗu, aƙalla biyu tare, ko a kan raƙumi, ko a ƙafa cikin duwatsun Bagzan, kuma ba a shiga Tenere sai da ɗan jagora ɗan ƙasa wanda ya san rijiyoyi. A zango, jagora yakan kwaɓa fulawa, ya ture garwashi gefe, ya binne ƙullin cikin yashi mai zafi, ya mayar da wutar a kai, bayan ɗan lokaci ya tono gurasa ya kakkaɓe ta, shayi na tafasa a gefe.

Tawayen 2007 da satar mutanen da ta biyo baya sun durƙusar da yawon buɗe ido a yankin, abin da ya fi cutar da jagorori da maƙeran azurfa na Agadas da suke ci daga gare shi. A yanzu mai niyyar fita wajen garin yana buƙatar izinin hukuma, sau da yawa har da rakiyar jami'an tsaro.