Husufin rana na gaba ɗaya: tambayoyin da na gaji da amsawa

Duk lokacin da aka ce husufi ya ƙarato, tambayoyin nan dai su ne suke dawowa, wasu ma daga bakin waɗanda aka riga aka ba amsa. Ga su nan wuri ɗaya. Wanda ya sake tambaya, nan zan turo shi.

An ce inda nake wata zai rufe kashi 99 cikin 100 na rana. Ai shi ke nan ko?

A'a. Da ita na fara don ita ta fi ɓata mini rai. Rana ta fi wata ɗan daren sha huɗu haske wajen sau 400,000. Kashi ɗayan nan da kake rainawa ya kai hasken irin wannan watan har 4,000. Sama ba za ta yi duhu ba, ba za ka ga farin kambin da ke kewaye da rana ba, kuma ba ka da damar cire tabarau na kallon husufi ko na daƙiƙa ɗaya. Haske zai yi wani iri, ya dushe, ya dawo, ka koma gida kana cewa mutane sun cika zuzuta abu. Ko kana cikin layin inuwar, wato siririn yankin da wata ke rufe wa rana gaba ɗaya, ko ba ka ciki. Idan tafiyar awa ɗaya ce tsakaninka da layin, don Allah ka yi ta.

Me ke kawo shi?

Wata ne ke shiga tsakaninmu da rana, inuwarsa ta sauka a doron ƙasa. Rana ta fi wata faɗi kusan sau 400, ta kuma fi shi nisa kusan sau 400, shi ya sa ya isa ya rufe ta cif.

To me ya sa ba ya faruwa kowane wata?

Hanyar wata a karkace take da kamar digiri 5. Yawancin lokaci inuwar ta sama ko ta ƙasan duniya take wucewa.

Baƙin tabarau na na shiga rana zai yi?

Ba zai yi ba, ko ka haɗa guda goma. Haka tsohon fim ɗin hoto, da takardar hoton ƙashi ta asibiti, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da faifan CD. Tabarau na husufi ake nema, mai ɗauke da lambar ISO 12312-2, daga hannun mai sayarwar da aka sani, domin buga lamba a jikin kwali ba ya yi wa ɗan damfara wuya. Ka saka shi a ɗaki: idan kana ganin kujera da bango, jefar da shi. Na gaskiya ba ya nuna komai sai rana ko fitila mai tsananin ƙarfi, ita ma dishi-dishi. Idan ya huje ko ya karce, ya tashi aiki. Gilashin walda lamba 14 yana yi, amma wanda yawancin masu walda ke aiki da shi bai kai wannan duhun ba, kada ka ara ba ka duba lambar ba.

Kuma a daina ce mini "ai na taɓa kallo ban ji komai ba". Tantanin bayan ido ba ya jin zafi. Yana ƙonewa ba ka sani ba, sai bayan awanni ko washegari ka ga wani tabo ya tsaya a tsakiyar duk abin da ka kalla. Wani ya warke, wani ya zauna da shi.

Yaushe ne kuma a ina?

Kusan duk wata 18 ana samun ɗaya a wani sashe na duniya, amma wuri guda yakan jira shekara 375 a matsakaici, don haka zaman jira a gida ba dabara ba ce. Na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya, Yaman da Somaliya. Kusa da Luksor a Masar duhun minti 6 ne da daƙiƙa 23. Don ka san darajarsa, na 8 ga Afrilu 2024 da ya ratsa Meksiko, Amurka da Kanada bai wuce minti 4 da daƙiƙa 28 ba. Sai na 22 ga Yuli 2028, wanda zai bi ta kan birnin Sidni a Ostireliya.

Na yarda zan je. A ina zan tsaya, kuma in gajimare ya taso fa?

Wannan ce tambayar da ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka tabbaci, ruɗinka yake yi. Abu uku ne ke ja-in-ja: tsawon duhun, yanayin sama, da hanyar da za ka iya motsawa.

Mutane kan nace sai tsakiyar layin. Gaskiya ne a nan duhun ya fi daɗewa, a bakin layi kuwa 'yan daƙiƙu ne. Amma ragin ba ya zuwa da sauri: wanda ya tsaya rabin hanya tsakanin tsakiya da baki yana samun kusan kashi 87 cikin 100 na lokacin. Saboda haka ni dai ba zan cusa kaina cikin turmutsitsi saboda daƙiƙa talatin ba. Ka shiga ciki sosai, ka bar bakin, ya wadatar.

Gajimare shi ne babban abokin gaba. Tun da nisa, abin da za ka iya dubawa shi ne tarihin yanayin wurin a wannan watan, shi kuwa yana faɗa maka abin da aka saba ne, ba abin da zai faru ranar ba. Luksor a Agusta da wuya ka ga gajimare, sai dai zafin ya haura digiri 40, husufin kuma da tsakar rana ne, ga jiran fiye da awa guda kafin duhun. Mai tafiya da tsoho ko ƙaramin yaro ya auna wannan da kyau. Wajen mashigin Jibralta, tsakanin Sifaniya da Maroko, zafin da sauƙi, duhun minti 4 da ɗoriya, amma bakin teku ne, iska na iya kawo hazo da safe. Wanne ya fi? Ya danganta da jikinka da aljihunka da waɗanda ke tare da kai. Ka kuma duba tsayin rana a sama a wannan lokacin. Na 12 ga Agusta 2026 a Sifaniya, alal misali, na dab da faɗuwar rana ne, irin wanda tudu ko bene ɗaya a yamma ya isa ya tare maka komai.

Hasashen yanayi bai cika zama abin dogaro ba sai ana saura kwana biyu ko uku. Don haka shawarata, kuma shawara ce kawai: kama masauki da wuri a inda akwai titi mai bin tsawon layin, ka ware wuri na biyu, ka yanke hukunci daren jajibiri. In za ka tashi, ka tashi da asuba. Idan kuwa saura minti ashirin ka ga 'yan ƙananan gajimare fari-fari, galibi zama ya fi, domin irinsu kan watse idan ƙasa ta fara hucewa. Galibi na ce. Hadari mai kauri ba ya watsewa, kuma ba ka tsere wa inuwar da ke gudun fiye da kilomita 1,500 a awa. In ya rufe ka, ya rufe ka. Duhun dai za ka gan shi, sanyin za ka ji shi, kada ka bi titi da gudu kana leƙen sama ka kashe mutane.

Yana cutar da mai ciki? Abinci yana lalacewa?

A'a, kuma a'a. Inuwa ce. Ido kaɗai ake karewa.

Yaushe zan cire tabarau?

Lokacin da ba ka ganin komai ta cikinsa, kuma kana cikin layin. Kwantar da hankalinka, ba za ka rikice ba. Kafin nan jinjirin rana zai tsinke ya zama ɗige-ɗigen haske, hasken da ke kutsowa ta kwarin duwatsun wata ke nan, sai ɗigo ɗaya ya rage, sai ya mutu. To cire. Za ka ga baƙin faifai, farin kambi ya bazu a kewayensa, da 'yan jajayen harsuna a gefe. Zara za ta fito, sararin ƙasa ya yi ja ta kowace kusurwa, tsuntsaye su nufi makwanci. Da ɗigon haske ya ɓullo ta ɗaya gefen, mayar da tabarau nan take. Yaran da ke hannunka, kai ne za ka ce musu "cire" da "mayar".

Ban samu tabarau ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Amma huda kwali da allura, juya wa rana baya, ka bar hasken ya faɗa kan farar takarda. Takardar za ka kalla, ba hujin ba. Ko ka duba ƙarƙashin bishiya mai ganye, za ka ga ƙasa ta cika da ƙananan jinjiraye.

Madubin hangen nesa fa, in na saka tabarau?

Kul. Madubin yana tattara hasken ya ƙona tabarau ya ƙona ido. Matacin hasken a gaban madubin ake ɗaura shi, haka ma kyamara.

Wace waya ce ta fi ɗaukar hoto?

Babu. Ɗan farin ɗigo za ta ba ka. Jingine ta tana ɗaukar bidiyon mutane da ihunsu, kai kuma ka ɗaga kai. Kashe filasha.

Me zan riƙa?

Ruwa mai yawa, hula, abin zama, tabarau na biyu, mota cike da mai, da taswirar da aka sauke a waya, don sabis kan ɗauke idan jama'a suka yi yawa. Kada ka sa jirgi ko wani alƙawari a yammacin ranar. Bayan husufin 21 ga Agusta 2017 a Amurka, mutane sun shafe awanni a cunkoso saboda kowa ya tayar da mota lokaci guda. Zauna ka kalli ragowar awa ɗayan da tabarau, hanya ta ɗan sarara.