Kalmomin Da Ake Ji A Ɗakin Wankin Ciwo

Duk wanda ya taɓa zaman jinya ya san yadda nas za ta duba ciwo ta faɗi wata kalma, mai jinya ya gyaɗa kai alhali bai gane komai ba. Ga bayanin waɗanda aka fi ji.

Mene ne diresin?

Shi ne wanke ciwo da rufe shi da tsaftataccen ƙyalle da bandeji ko filasta. Ruwan da aka fi wankewa da shi ana ce masa salayin, wato giram 9 na gishiri a cikin lita 1 ta ruwa. Gishirinsa ya yi daidai da na jinin mutum, shi ya sa ba ya cin sabon nama. Sifirit kuwa na fatar gefe ne, ba na cikin ciwo ba.

An ce ciwon ya fara giranuleshan. Abin tsoro ne?

Albishir ne. Ciwo yakan warke hawa huɗu. Da farko jini ya daskare ya toshe wurin. Sai kumburi da ɗumi na 'yan kwanaki, lokacin da jiki ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Daga nan sabon nama ya fara tohowa daga ƙasa, ja jawur, mai ƙurzunu-ƙurzunu, wanda ko ɗan taɓa shi aka yi sai ya yi jini. Wannan naman shi ne giranuleshan. Hawa na ƙarshe shi ne ƙarfafar tabo, wanda kan ɗauki shekara ko fiye, kuma duk da haka tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali.

Duk abu mai ruwan ɗorawa a ciwo mugunya ce?

A nan mutane da yawa ke ruɗewa. Mugunya ruwa ce mai kauri, takan zo da wari, zafi da kumburin da ke ƙaruwa, wani lokaci da zazzaɓi. Akwai kuma silof, mataccen nama mai yauƙi da ke manne a ciwo, ba ya fita da goge kawai. Idan mataccen naman ya bushe ya yi baƙi ya yi tauri, sunansa eska. Cire su ake kira dibiraidimen. Masu jinya kan ji haushi idan suka ga an kankare ciwo har ya ƙara faɗi, amma sabon nama ba ya tohowa a kan matacce.

Me ya sa ake ɗinke wani ciwon a bar wani?

Yanka mai tsafta, irin na tiyata, ana haɗa bakinsa a ɗinke. Zaren fuska akan cire shi bayan kamar kwana 5, na sauran jiki tsakanin kwana 7 zuwa 14. Ciwo mai datti ko cizon kare galibi a buɗe ake barinsa ya cike daga ƙasa, don kada a rufe cuta a ciki.

Ba gara ciwo ya sha iska ya bushe ba?

Haka muka taso muna ji. Amma a 1962 wani masani a Ingila, George Winter, ya gwada a jikin aladu, ya ga ciwon da aka rufe yana da ɗan laima ya fi wanda ya yi ɓawo saurin rufewa. Toka da man birki ba magani ba ne, kashin shanu kuwa hanyar kamuwa da tetanus ce. Zuma dai asibitoci na amfani da ita, amma bayan an wanke ciwon.

Gyambo fa?

Ciwo ne da ya ƙi warkewa makonni. Masu ciwon suga kan same shi a tafin ƙafa, masu sikila a idon sawu. Gyambon kwanciya kuma, wanda daɗewa a kwance ke jawowa, yana kama ƙugu, ƙasan baya da diddige, shi ya sa ake juya marar lafiyan da ba ya motsi kowane awa 2. Alamarsa ta farko wuri ne da ya yi duhu ko ɗumi alhali fatar ba ta fashe ba, kuma a nan ya kamata a kira nas.