Tsayin sirdin keke: da feda ake awo, ba da ƙasa ba

An daɗe ana cewa sirdi bai yi daidai ba sai mahayi na zaune ƙafafunsa sun taka ƙasa. Ga mai koyo, hakan na da amfani. Amma ƙwararrun 'yan tsere da feda suke awo: idan ta sauka can ƙasa, lanƙwasar gwiwa digiri 25 zuwa 35 ce kawai.

Gwada da kanka. Hau keken, jingina da bango, ɗora dunduniya kan feda, juya ta ƙasa. In ƙafa ta miƙe sak, ƙugu bai karkata ba, tsayin ya yi: da ka mayar da gaban tafin ƙafa kan feda, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa kamar yadda aka faɗa. In sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ke ciwo. In ya yi sama, bayanta. Riƙa gyarawa da milimita 3, kana gwadawa.

Don Allah a tura wa masu hawa keke.