Sa ido kan ciwon ƙoda mai daɗewa a Damagaram

Sa ido kan ciwon ƙoda mai daɗewa aiki ne na hukumomin kiwon lafiya: tattara bayanai a kai a kai don a san mutum nawa ke ɗauke da cutar, ina suke, me ya jawo musu ita, kuma yaya suke ƙarewa. A jahar Damagaram, wadda ake kira Zinder, aikin ya fi dogara ga rajistocin asibiti, kuma a nan ne rauninsa yake.

Yadda ake gane cutar

Ba a cewa ciwon ƙoda ya zama mai daɗewa sai lalacewar ta wuce wata 3. Abu biyu ake aunawa. Na farko sinadarin kiriyatinin a jini, wani datti da ƙoda ke tacewa ta fitar, wanda da shi ake lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Idan ƙarfin tacewar ya yi ƙasa da mililita 60 a minti ɗaya, akwai matsala. Na biyu albumin, wani furotin na jini da ke zurarewa cikin fitsari, daga miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin. Ƙa'idojin 2012 na KDIGO, ƙungiyar ƙwararru kan ciwon ƙoda ta duniya, waɗanda aka sabunta a 2024, sun kasa cutar mataki 5. Na ƙarshe shi ne ƙasa da mililita 15, inda ake fara maganar wankin ƙoda ko dashe.

Binciken nauyin cututtuka na duniya ya ƙiyasta cewa a 2017 kusan mutum miliyan 700 ne ke da cutar, miliyan 1.2 suka rasu da ita. Wani nazari na 2014 ya sa yawanta a Afirka kudu da Sahara a kashi 13.9 cikin ɗari.

Inda bayanan ke fitowa

A Nijar, ƙananan asibitocin da ake kira CSI na aika rahotonsu zuwa gundumar lafiya, daga nan zuwa jaha, sai ma'aikatar lafiya a Yamai, ta manhajar DHIS2. An gina wannan tsari ne da tunanin maleriya, ƙyanda, sanƙarau da tamowa, cututtukan da ake gani da ido a kuma ƙirga cikin mako. Binciken STEPS na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka yi a ƙasar a 2007 da 2021, ya auna hawan jini da sukari, wato manyan ƙofofin da ciwon ƙoda ke shigowa ta cikinsu. Sauran bayanan na fitowa daga sashen ƙoda da wankin ƙoda na Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram, da takwaransa na Lamorde a Yamai.

Waɗanda lissafi ba ya kamawa

Ƙoda na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mai ita bai ji komai ba. Yana noma, yana cin kasuwar Dole, yana azumi. Sai wata safiya ya ga fatar idonsa ta kumbura, takalmi ya matse, fitsari na kumfa kamar an zuba sabulu. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce sammu. Kafin a gama zagayen jiƙe-jiƙe a kawo shi birni, sau da yawa ya kai mataki na 5. Shi ne rajista za ta rubuta. ’Yan uwansa da ke mataki na 2 ko na 3 suna gida, babu su a kowane littafi. Saboda haka adadin asibiti ya fi nuna waɗanda suka samu kuɗin mota da na gwaji, ba yawan masu cutar ba.

Sharaɗin wata 3 ma kansa matsala ne. Yana buƙatar gwaji biyu, kuma da wuya manomi daga Magarya ko makiyayi daga Tanut ya sake biyan kuɗin hanya don gwajin ciwon da ba ya jin zafinsa, balle idan damina ta sauka. Gwaji ɗaya kuwa na iya ruɗarwa: a bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙarancin ruwa a jiki kan ɗaga kiriyatinin na ɗan lokaci. Ga kuma lissafin ƙarfin tacewar ƙoda kansa, wanda aka ƙirƙira bisa mutanen Amurka da Turai. Nazarin da aka yi a Malawi, Yuganda da Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2022, ya nuna lissafin yana ƙara wa ƙodar ’yan Afirka ƙarfin da ba ta da shi.

Dalilan da ake bibiya

Bayan hawan jini da ciwon sukari, masu sa ido a wannan yanki na lura da sikila, da tsargiyar da yara ke ɗauka a tafkuna, da tsakuwar ƙoda, da jijjigar masu ciki. Akwai kuma ƙwayoyin kashe zafin jiki irin su diklofenak da ibufurofen, waɗanda ’yan talla ke yawo da su a faranti, ɗan ga-ruwa ko lebura ya haɗiya kullum don ya iya tashi gobe. Waɗannan ba sa shiga rahoton kowa.

A watan Mayun 2025 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya amince da ƙuduri kan lafiyar ƙoda, wanda ya nemi ƙasashe su ƙarfafa gano cutar da wuri. Kayan farawa ba su da tsada: na'urar awon jini da ɗan tsinken takarda da ake tsomawa a fitsari. An fi ganinsu a fili a Ranar Ƙoda ta Duniya, Alhamis ta biyu a watan Maris, wadda ake yi tun 2006.