Na'urar hannu da ke gane an sha ƙwaya: tambayoyi da amsoshi

Ga gwajin fitsari, me kuma ake nema?

Likitan da ke gwada maganin raba mutum da shaye-shaye yana son ya san abu guda: wanda ake jinya ya koma ruwa ko bai koma ba? Idan aka tambaye shi, kunya ko mantuwa kan hana shi faɗin gaskiya. Fitsari kuwa yana riƙe alamar hodar iblis ne na kwana biyu zuwa huɗu kawai, kuma ba ya nuna ranar da aka sha, balle sa'a. Wannan giɓin ne ake son na'urar hannu ta cike.

To na'urar tana sansano ƙwayar ne a jiki?

A'a, kuma nan ne aka fi yi mata mummunar fahimta. Yadda jiki ya amsa take karantawa. Ana ɗaura ta kamar agogo, tana auna zufa, da ɗumin fata, da motsin hannu, wasu har da bugun zuciya. Dakta Stephanie Carreiro da abokan aikinta a Jami'ar Masachusets ta Amurka sun wallafa gwajin farko a 2015. Abin da suka gani: mai hodar iblis yakan yi gumi, ya kasa zama wuri ɗaya, fatarsa ta yi sanyi saboda jijiyoyin jini sun tsuke. Daga baya kuma sun gano cewa wanda ya sha dangin mofin, irin su kodin da tiramol da muka sani, jikinsa kan mutu, fatar ta ɗau ɗumi.

Giya ce ta bambanta. Munduwar ƙafa ta SCRAM, wadda kotunan Amurka ke sa wa mutane, tana auna barasar kanta a cikin zufa duk bayan minti 30.

Ba ta kuskure?

Tana yi. Wanda ya ruga a guje, ko ya fusata, ko zazzaɓi ya rufe shi, zai iya ba da alama mai kama da ta shan ƙwaya. Shi ya sa har yanzu ake haɗa ta da gwajin fitsari.

Mene ne amfaninta na gaske?

Lokaci. Idan aka ga cewa kullum bayan tashin hankali da daddare ne mutum ke komawa shan ƙwaya, to an san lokacin da ya fi bukatar a kira shi a waya, ba sai ranar zuwa asibiti ba. A wurina wannan ya fi kama mai laifi daraja nesa ba kusa ba.

Sirrin mutum fa?

Wannan yana damuna ƙwarai. Na'urar tana tattara labarin barcin mutum da tashinsa dare da rana. Dole a saka ta da yardarsa, ya san wa zai ga bayanan, kuma ya samu damar cire ta ranar da ya ga dama ba tare da an yanke masa magani ba.