Cututtukan numfashi na bairos ga masu ciwon daji

Cututtukan numfashi na bairos su ne waɗanda ke shiga ta hanci da maƙogwaro, wani lokaci su gangara har huhu. Daga cikinsu akwai mura, da infuluwenza (mura mai tsanani), da RSV (wani bairos mai yawan kama ƙananan yara da tsofaffi), da korona wadda ta ɓulla a ƙarshen 2019. Mai ƙoshin lafiya galibi yakan yi 'yan kwanaki yana atishawa da majina, ya miƙe. Mai ciwon daji kuwa, murar nan ɗaya tana iya zame masa ciwon huhu.

Dalili shi ne raunin garkuwar jiki. Maganin kemoterafi, wanda ake kashe ƙwayoyin daji da shi, ba ya bambance su da ƙwayoyin ɓargo, inda ake ƙera fararen ƙwayoyin jini masu yaƙar cuta. Yawanci tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan an sa maganin ne adadinsu ke kai matuƙar raguwa. Haɗarin ya fi yawa ga masu sankarar jini, da waɗanda aka yi wa dashen ɓargo, da masu dajin huhu, waɗanda dama numfashinsu ba cikakke ba ne. Bairos ɗin yakan daɗe a jikinsu makonni, bakteriya ta samu ƙofa ta biyo baya. Akwai kuma asarar da ba a cika lissafawa ba: rashin lafiyar na iya sa likita ya ɗage zagayen magani na gaba.

Zazzaɓi shi ne abin da ya fi cancantar a sa wa ido. Idan ma'aunin zafi ya nuna digiri 38 ga wanda ke kan kemoterafi, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne. Kuskure ne babba a haɗiyi farasitamol a jira gari ya waye, domin yana rufe alamar, cutar na ci gaba. Maganin oseltamivir na infuluwenza ma ya fi aiki idan an fara shi cikin awa 48.

Allurar rigakafin infuluwenza, wadda ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ana ba masu ciwon daji ita duk shekara. Na fesawa a hanci ba a ba su, saboda ƙwayarsa na da rai. Tun da jikinsu ba ya karɓar rigakafi sosai, musamman bayan magani irin rituximab da ake ba masu wasu nau'o'in sankarar jini, ana son mutanen gidan su ma su yi, su riƙa wanke hannu, mai tari kuma ya sa takunkumi ko ya dakata da zuwa dubiya sai ya warke.