Waiwaye: Yadda lasisin sunaye ya zama ƙashin bayan wasan ƙwallo na gem

Tun da aka daina kiran wasan da suna FIFA, ya koma EA Sports FC a 2023, gardama ba ta ƙare ba a gidajen gem. Wasu na cewa suna kawai aka canza, wasu na kukan cewa kowace shekara riguna ake sabuntawa, taka leda kuwa tana nan jiya i yau. Wannan magana ta girmi yawancin masu yin ta.

Wasan FIFA na farko ya fito a ƙarshen 1993, da ƙungiyoyin ƙasashe kaɗai, sunayen 'yan wasan kuma na ƙirƙira ne. Bayan shekara guda kulob-kulob suka shigo.

Inda al'amarin ya juya, wanda ba a cika tunawa da shi ba, shi ne 1995. A FIFA 96 wasan ya fara zuwa da sunayen 'yan wasa na gaskiya, da izinin FIFPRO, ƙungiyar 'yan ƙwallo ta duniya da aka kafa tun 1965. Daga nan ya bayyana cewa haƙƙin ƙwallo ba a hannu ɗaya yake ba. Sunan ɗan wasa da kamanninsa na da mai su, tambarin kulob da rigarsa na da mai su, gasa ma haka, filin wasa ma haka. Kowanne da cinikinsa, kowanne da wa'adinsa. Mai haɗa wasa ya zama dole ya riƙa bin ƙofa-ƙofa yana sabunta yarjejeniya, kuma tunda 'yan wasa na sauya kulob duk kaka, sai wasan ma ya zama na shekara-shekara. A ganina nan gizo ke saƙar: wata goma sha biyu sun isa a gyara jerin sunaye, amma ba su isa a sake gina yadda ƙwallo ke birgima a ƙafar ɗan wasa ba.

Wanda ya zauna a benci a gidan gem zamanin PlayStation 2, janareto na ruri a waje, ya san ɗaya ɓangaren. A Pro Evolution Soccer, wasan da ke gogayya da FIFA, saboda rashin lasisi Manchester United sunanta Man Red, Liverpool kuma Merseyside Red, amma mun yi ta layi saboda daɗin fasin da bugun. Duk da haka na sha ganin yaro ya kwashe yammaci guda yana gyara sunaye harafi bayan harafi, don ransa bai yarda ya buga da baƙo ba. Mu ma masu saye muna son sunan, kuma kasuwa ta ji mu.

Shi ya sa a 2019 Juventus ta koma Piemonte Calcio a FIFA 20, bayan lasisinta ya tafi wani wasan, alhali 'yan wasanta na nan da sunayensu. Shi ya sa kuma da aka rabu da sunan FIFA, Firimiya da La Liga ba su motsa ba, don takardunsu daban ne tun asali.